Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya nemi wutar lantarki a cikin kogi

A watan Janairun 1832, ana tsakiyar hunturu, wani mutum ɗan shekara 40 ya samu izinin masu kula da gadar Waterloo da ke birnin Landan, ya shimfiɗa wayar jan ƙarfe mai tsawon ƙafa 960, wato kusan mita 290, a bisa katangar gadar. A kowane ƙarshe na wayar ya ɗaura farantin ƙarfe mai faɗi, ya zura shi ƙasa har ya nutse a cikin Kogin Thames, sannan ya haɗa wayar da wani ma'auni mai allura wanda ke karkata idan wutar lantarki ta ratsa shi. Babu batir a wurin, babu inji. Abin da yake fata shi ne ruwan da ke gudu a ƙarƙashin gadar ya haifar da lantarki da kansa, yayin da yake ratsa ƙarfin maganaɗisun da ke tattare da ita kanta duniya.

Allurar ta motsa, sai dai motsin ba shi da tsari. Da ya bi diddigi, sai ya tarar kowane motsi yana da wani dalili na daban, ko dai ɗan bambancin da ke tsakanin farantan biyu, ko kuma bambancin tsabtar ruwan da ɗuminsa tsakanin wannan gefe da wancan. A lokacin sunansa yana tashe, kuma da ya ce ya ga abin da ya je nema, da wuya a samu wanda zai koma kan gadar cikin sanyi don ya ƙaryata shi. Shi kuwa ya rubuta a rahotonsa cewa bai samu sakamako mai gamsarwa ba, ya kuma bayyana dalilan da suka sa yake ganin cewa a ƙa'ida lantarkin yana nan.

Sunan mutumin Michael Faraday. Wannan gwaji da bai yi nasara ba shi ne yunƙuri na farko a tarihi na samar da wutar lantarki kai tsaye daga abu mai kwarara, ba tare da farfela ko wani ƙarfe mai juyawa ba, fannin da daga baya aka sa wa doguwar kalmar nan ta maganetohaidurodainamik, ko MHD a taƙaice. Bayan fiye da shekara ɗari, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun zuba maƙudan kuɗi a kan wannan tunani, inda suka maye gurbin ruwan kogi da iskar gas mai tsananin zafi.

An haifi Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wadda a yau take cikin kudancin Landan. Mahaifinsa James maƙeri ne da ya yi ƙaura daga arewacin Ingila neman abin kai wa baki, kuma rashin lafiya ta sha hana shi zama a maƙera. Iyalin mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniyawa, wadda ta samo asali daga Sukotland, mai ƙyamar tara dukiya da neman muƙaman duniya. Duk wanda bai san wannan ba zai sha mamakin abubuwa da yawa da Faraday ya ƙi karɓa daga baya. Talaucin gidan kuwa ya kai ga cewa a 1801, lokacin da abinci ya yi tsada, akwai makon da burodi ɗaya ne rabonsa daga farko har ƙarshe. Karatun makaranta bai wuce ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙware a lissafi mai zurfi ba.

Yana ɗan shekara 13 ya zama yaron aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinke su, sannan a 1805 ya shiga koyon sana'ar na tsawon shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa a ɗinke su ne suka zame masa makaranta. A cikinsu ya karanta bayanin lantarki a wani kundin sani, da kuma littafin Jane Marcet na ilimin sinadarai wanda aka rubuta domin masu koyo. Yakan sayi 'yan kayayyaki da kwabban da ya tara ya gwada ko abin da littafin ya faɗa gaskiya ne. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy, fitaccen masanin sinadarai na cibiyar bincike ta Royal Institution. Ya halarci huɗu, ya rubuta abin da ya ji tsaf, ya zana hotunan na'urorin, ya ɗinke shi littafi mai shafi sama da 300, ya aika wa Davy da roƙon aiki. Kafin nan ya rubuta wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society, bai samu amsa ba. Rabo ya rantse a farkon 1813, lokacin da aka kori mataimakin ɗakin gwaje-gwajen cibiyar saboda faɗa. A watan Maris aka ɗauki Faraday a kan sule 25 a mako da wurin kwana a saman bene.

Wata bakwai bayan haka ya ɗanɗana abin da duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin babban mutum ya sani. A watan Oktoban 1813 Davy ya tashi rangadin Turai, duk da cewa Ingila da Faransa suna yaƙi, domin Napoleon ya ba shi takardar izini. An ɗauki Faraday a matsayin mataimaki kan harkar kimiyya. Ana gab da tafiya sai baran Davy ya ce shi ba za shi ba, aka roƙi Faraday ya riƙe aikin na ɗan lokaci kafin a samu wani a Faris. Ɗan lokacin nan ya miƙe har kusan ƙarshen tafiyar ta wata 18. Matar Davy, Jane, mace mai ji da asali da dukiya, ta ɗauke shi bara zalla. A wajen keken doki yake zama, tare da barori yake cin abinci. Wasiƙun da ya aika wa abokinsa Benjamin Abbott sun nuna cewa ya yi tunanin ajiye komai ya koma ɗinkin littafi. Amma a wannan tafiyar ce ya ga Ampère a Faris da Volta a Milan, ya taya Davy nazarin sabon sinadarin aidin, ya kuma shaida yadda aka ƙona lu'ulu'u a Florence da hasken rana don tabbatar da cewa asalinsa ɗaya da gawayi. Ya dawo gida a watan Afrilun 1815 da ilimin da babu jami'ar da za ta ba ɗan maƙeri a wancan zamani.

A 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya gano cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar kamfas. A watan Satumban 1821, wata uku bayan aurensa da Sarah Barnard, Faraday ya kafa maganaɗisu a tsaye cikin kwanon zaiba, ya rataya waya a kusa, ya saki lantarki, sai wayar ta riƙa kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ne kakan duk wani injin da lantarki ke juyawa. Murna ta sa ya yi gaggawar buga sakamakon ba tare da ya ambaci William Wollaston ba, wanda ya riga ya tattauna wani gwaji mai kama da wannan da Davy a ɗakin gwajin cibiyar. Kuskure ne, kuma ya biya kuɗinsa, domin an yi ta raɗe-raɗin ya saci fasahar wani. Wollaston kansa bai riƙe abin a rai ba. Davy ne ya riƙe, har ya yi adawa da shigar tsohon yaronsa cikin Royal Society alhali shi ne shugabanta. Duk da haka an zaɓi Faraday a watan Janairun 1824, ƙuri'a ɗaya ce kawai ta ƙi shi. Hassada ga mai rabo taki ce, amma ba nan take shukar ta nuna ba.

Shekarun da suka biyo baya sun ba shi nasarori a fannin sinadarai, ya mayar da iskar kulorin ruwa a 1823, ya gano benzin a 1825. Sai dai mafi yawan lokacinsa ya tafi ne a wani aikin kwamiti da aka ɗora masa, na inganta gilashin madubin hangen nesa domin Ingila ta kamo Jamusawa. Ya shafe kimanin shekara biyar yana narka gilashi a tanda, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Davy ya rasu a 1829. A 1831 Faraday ya nemi a sauke masa aikin gilashin, ya kuma fara janye jiki daga aikin ba 'yan kasuwa shawara, wanda ya kawo masa sama da fam 1,000 a 1830, ya fuskanci tambayar da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya: tunda lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba?

Amsar ta zo ranar 29 ga Agusta, 1831. Ya naɗa waya biyu daban-daban a kan zoben ƙarfe, ɗaya ya haɗa da batir, ɗaya da ma'auni mai allura. Allurar ba ta motsi sai a daidai lokacin da ya haɗa batirin ko ya cire shi. Sirrin ke nan da ya ɓace wa masu bincike shekara goma, cewa maganaɗisu a zaune ba ya ba da komai, sai an samu canji ko motsi. A watan Oktoba ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya ya ga allurar ta karkata, sannan ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakuna biyu na wani ƙaton maganaɗisu ya samu lantarki mai gudana ba yankewa. Zoben nan shi ne asalin taransifomar da ke bakin unguwa. Faifan kuma shi ne janareta na farko, kuma a kan wannan ƙa'ida injunan Kainji da Shiroro da Egbin suke aiki har yau, haka ma ƙaramin janaretan da ke ƙara a bayan shago.

Daga faifan zuwa gadar Waterloo taki ɗaya ne a tunanin Faraday. Ya lura cewa ƙa'idar ba ta damu da jan ƙarfe ba. Abin da take bukata shi ne wani abu da lantarki ke iya bi ta cikinsa, ya motsa yana yanka abin da shi ya kira layukan ƙarfin maganaɗisu, waɗanda ake iya ganin siffarsu idan aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda aka sa maganaɗisu a ƙarƙashi. Ruwa, musamman mai gishiri, yana ɗaukar lantarki. Duniya kuma ita kanta ƙaton maganaɗisu ce, kuma a Landan layukanta suna nutsawa cikin ƙasa a karkace sosai. Ke nan kogin da ke gudu tsakanin gaɓa biyu tamkar waya ce da ake ja a gaban maganaɗisu, kuma ya kamata a samu bambancin ƙarfin lantarki tsakanin wannan gaɓa da waccan. Thames yana da wata fa'ida, domin teku na turo ruwa cikinsa sannan ya janye sau biyu a yini, don haka idan ruwan ya juya, allurar ma ya kamata ta juya.

Lissafin zamani ya nuna inda gizo ke saƙa. Maganaɗisun duniya rarrauna ne ƙwarai. Idan aka haɗa ƙarfinsa a Landan da faɗin kogin da gudun ruwa na kimanin mita ɗaya a daƙiƙa, abin da za a samu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin batirin tocila guda ba. Ko wannan ɗan kaɗan ɗin ma, laka da ƙasar gindin kogin suna shanye wani kaso nasa. Su kuma farantan da ya nutsa a ruwa suna aiki kamar ƙaramin batir, suna ba da nasu lantarkin da ya danne wanda ake nema. Tunanin daidai ne, kayan aikin 1832 ne suka gaza. A cikin rahoton ya yi hasashen cewa ruwan da ke kai-komo a mashigin da ya raba Ingila da Faransa, da kuma babbar magudanar ruwan ɗumi ta Tekun Atlantika, za su haifar da irin wannan lantarki. Bayan da aka fara shimfiɗa wayoyin tangarahu a ƙarƙashin ruwa daga 1851, injiniyoyi suka riƙa ganin wani lantarki da ba su aika ba, yana hawa da sauka tare da cikar teku.

Wasu sassan na wannan fanni ma daga hannunsa suka fito ba tare da ya san inda za su kai ba. A 1834, yana nazarin yadda lantarki ke wargaza sinadaran da aka narkar a ruwa, ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Cambridge kan sunayen da za a sa wa abubuwan da yake gani. Daga nan aka samu kalmar ayon, daga harshen Girka, mai ma'anar abu mai tafiya, wato ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki. A 1838 ya binciki yadda lantarki ke ratsa iskar da aka rage mata yawa a cikin bututun gilashi, har wani duhu da ke bayyana a tsakiyar hasken ya ci sunansa. Tun yana matashi kuma, a laccocin da ya gabatar wa wata ƙaramar ƙungiyar masu son ilimi tsakanin 1816 da 1819, ya yi hasashen cewa bayan daskararre da ruwa da iska akwai yanayi na huɗu da abu zai iya shiga. William Crookes ya farfaɗo da wannan magana a 1879, sannan a 1928 Irving Langmuir na Amurka ya raɗa wa iskar da ƙwayoyinta suka rabu zuwa ayon da ilektiron sunan filasma. Ita ce ke cikin walƙiya, ita ce kuma jikin rana.

Duk wannan lokaci Faraday bai daina yi wa hukuma aiki ba. Ya koyar da ilimin sinadarai a makarantar hafsoshin soja ta Woolwich sama da shekara 20. Daga 1836 zuwa 1865 shi ne mai ba da shawara kan kimiyya ga Trinity House, hukumar da ke kula da hasumiyoyin fitilu masu yi wa jiragen ruwa jagora, kuma yana tsufa yana hawa matakalarsu a bakin teku don duba fitila da hayaƙi. A ƙarƙashin sa idonsa aka gwada fitilar lantarki a hasumiyar South Foreland a 1858, da injin da ke aiki bisa abin da ya gano a 1831. A watan Satumban 1844 wata fashewa a mahaƙar kwal ta Haswell ta kashe mutum 95, gwamnati ta tura shi tare da masanin duwatsu Charles Lyell su bincika. Rahotonsu ya nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa gobarar ƙarfi, ya kuma ba da shawarar gyara hanyoyin shigar iska. Masu mahaƙai suka ce gyaran ya yi tsada, aka ajiye rahoton, kuma sai bayan gomman shekaru da asarar rayuka masu yawa aka ɗauki batun ƙurar da muhimmanci. A watan Yulin 1855 ya sake komawa kan Thames, wannan karo a cikin jirgin ruwa, yana jefa gutsattsarin farin kati a ruwa yana ganin sun ɓace kafin su nutse inci ɗaya saboda ƙazanta. Ya rubuta wa jaridar The Times yana gargaɗi. Ba a motsa ba sai a bazarar 1858, da warin kogin ya addabi 'yan majalisa a cikin zaurensu.

Yadda ya yi da manya ya cancanci a tsaya a kai. A 1835 aka shirya ba shi fansho, amma da ya je gaban Firayim Minista Lord Melbourne, sai shugaban ya yi wata magana ta raini game da ba masana irin wannan kuɗi. A ranar Faraday ya rubuta masa cewa ya yafe. Sai da Melbourne ya ba da haƙuri a rubuce sannan ya karɓi fam 300 a shekara. An yi masa tayin shugabancin Royal Society, ƙungiyar da shugabanta ya taɓa ƙoƙarin hana shi shiga, ya ƙi. Abin da bai taɓa gajiya da shi ba shi ne koyarwa, musamman laccocin Kirsimeti na yara da cibiyarsa ta fara a 1825, waɗanda ya gabatar da jerinsu sau 19, kuma ana yin su har yanzu.

Daga 1839 lafiyarsa ta fara taɓarɓarewa, jiri da mantuwa suka tilasta masa hutun shekaru. Ya dawo a 1845 ya nuna cewa maganaɗisu na iya murɗa haske, kuma abin da ya yi amfani da shi wani guntun gilashi ne mai nauyi daga aikin kwamitin nan da ya cinye masa shekaru. Mantuwar ce ta ƙara masa riƙo da littafin gwajinsa, inda yake sa wa kowane sakin layi lamba har suka haura 16,000, wanda ya yi nasara da wanda bai yi ba duk a jere. Masana lissafi na zamaninsa sun ɗauki layukan ƙarfinsa a matsayin tunanin wanda bai yi makaranta ba, sai da James Clerk Maxwell ya zuba su cikin lissafi daga 1855 sannan aka gane zurfinsu. Ba kowane hasashensa ne ya tabbata ba. Ya yi ta neman alaƙa tsakanin lantarki da ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, bai samu ba, kuma ba a samu ba a bayansa ta hanyar da ya bi. Gwajinsa na ƙarshe kuwa, a watan Maris na 1862, na neman tasirin maganaɗisu ne a kan hasken harshen wuta. Bai ga komai ba. Pieter Zeeman na ƙasar Holan ya maimaita shi da ingantattun na'urori a 1896 ya gani, ya kuma samu lambar Nobel a 1902.

A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court. A can ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, ba tare da ya bar ɗa ba. An binne shi a maƙabartar Highgate cikin sauƙi kamar yadda ya so.

Tunanin gadar Waterloo ya kwanta har zuwa 1938, lokacin da injiniya Béla Karlovitz ɗan asalin Hangari ya fara gwada shi da iskar gas a kamfanin Westinghouse na Amurka. Shi ma bai yi nasara ba, domin iskar ba ta ɗaukar lantarki yadda ake bukata. A 1942 Hannes Alfvén na Suwidin ya kafa ginshiƙin lissafin yadda filasma ke motsi a cikin filin maganaɗisu, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1970. Sai a 1959 Richard Rosa na kamfanin Avco ya gina janaretan MHD na farko da ya ba da wuta ta a zo a gani, kilowat goma da ɗoriya.

Tsarin na'urar shi ne na kogin Faraday, an dai tsananta kowane ɓangare. Ana ƙona gas ko kwal har zafin ya kai wajen digiri 2,500, a barbaɗa masa gishirin fotasiyam domin ƙwayoyinsa suna saurin sakin ilektiron, sai iskar ta zama filasma mai ɗaukar lantarki. Shi wannan fotasiyam, wanda ake samu a tokar itace, Davy ne ya fara ware shi a 1807 a ɗakin gwajin da Faraday ya gada. Ana harba filasmar cikin wani bututu da gudun da ya kai kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, a tsakanin maganaɗisun da ƙarfinsa ya ninka na duniya sau dubbai masu yawa. Maganaɗisun yana tura masu caji iri ɗaya gefe guda, ɗaya irin kuma ɗaya gefen, farantan da ke jikin bangon bututun su kwashe lantarkin. Ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren jera farantan sunan Faraday yake ɗauke da shi. Iskar da ta fito tana da sauran zafin da zai tafasa ruwa ya juya farfelar tasha ta gargajiya, don haka aka yi fatan cin moriyar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na makamashin man, a lokacin da tashoshin kwal ba sa wuce kashi 40.

Tarayyar Sobiyet ta fi kowa nisa. Tasharta ta U-25 da ke Mosko ta fara aiki a 1971 da iskar gas, ta kai wajen megawat 20, ta kuma tura wuta cikin layin birnin. A 1977, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka ta ɗauko wani ƙaton maganaɗisu mai nauyin tan 40 daga cibiyar bincike ta Argonne ta kai Mosko a jirgin soja domin gwajin haɗin gwiwa. Amma farantan da suka ba Faraday wahala a cikin ruwan sanyi su ne suka sake zama matsala a cikin wuta. Zafi da fotasiyam da narkakkiyar tokar kwal suna cinye su cikin ɗan lokaci, alhali tashar wuta tana bukatar kayan da za su yi dubban sa'o'i ba a kashe ba. Dole kuma a tace fotasiyam ɗin daga hayaƙi a sake amfani da shi, a kuma sauya lantarkin zuwa irin wanda layukan ƙasa ke ɗauka, kowanne da kuɗinsa. Ana cikin wannan fama sai tashoshin farfelar gas masu haɗe da na tururi suka inganta har suka kai kusan kashi 60 ɗin da ake nema, a farashi mai sauƙi. Babbar tashar da Sobiyet ta fara ginawa a Ryazan ba a kammala sashenta na MHD ba, Amurka kuma ta rufe shirinta na ƙasa a 1993.

Inda gwajin 1832 ya samu wurin zama shi ne wajen awo. Mitar da hukumomin ruwa da masana'antu ke ɗaurawa a jikin manyan bututu, mai auna gudun ruwa da maganaɗisu da 'yan farantai biyu ba tare da wani abu mai juyawa ba, gadar Waterloo ce aka ƙanƙanta. A tsakanin jihar Florida da tsibiran Bahamas kuma akwai wayar tarho da ke kwance a ƙarƙashin teku, a daidai inda magudanar ruwan ɗumin da Faraday ya ambata take wucewa. Daga 1982 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta shafe gomman shekaru tana karanta ɗan lantarkin da ruwan ke haifarwa a jikin waya a wannan mashigi, kuma da shi ta lissafa yawan ruwan da ke wucewa zuwa arewa, kimanin kubik mita miliyan 32 a kowace daƙiƙa.